Don mi waɗansu mutane suke tara tsoffin kaya?

Manomi yana tara hatsi cikin rumbu don ya ci da iyalinshi. Makiyayi yana tara bisashe don nono da kuɗi. Kowa ya san amfanin wannan tari. Amma akwai waɗansu mutane masu tara abin da ba a ci, ba a sha. Wani tsoffin kuɗi yake tarawa. Wani tambur na wasiƙa. Wani takubba, ko littattafai, ko hotuna. Suna da aikinsu na neman abinci, wannan kuwa don sha'awa suke yin shi. Wanda bai sani ba sai ya ce ɓata lokaci ne. Ga dalilansu.

Na farko: daɗin kallo

Wannan ba baƙon abu ba ne a karkara. Kowa ya san jeren ɗakin amarya. Da can, ƙorai da faya-fayai ake jerawa. Daga baya kwanoni da tasoshi suka shigo. Mace ba ta cin tuwo cikin kwanonin jere. Tana wanke su, tana goge su, tana gyara masu zama. In ta samu kuɗi, sai ta ƙaro wani. In baƙi suka shigo suka yaba, ranta ya yi fari. Mai tara tambur ma haka yake ji in ya buɗe littafinshi.

Na biyu: daɗin nema

Mai tari kamar mahalbi ne. Abin da bai samu ba shi ne yake hana shi barci. Misali, maƙeran Abzinawa suna ƙera kayan ado na azurfa irin wanda ake kira tanaƙilit, na Agadas. An lissafa iri 21, kowane da sunan garinshi ko yankinshi: akwai na Agadas, na Tawa, na Ingal, na Damagaram. Wanda ya samu 20 ba ya hutawa sai ya cika na 21. Wurin nema yana haɗuwa da masu sha'awa irin tashi. Su yi musaya, su zama abokai.

Na ukku: tuna iyaye

Wani yana ajiye takobin kakanshi. Wani yana ajiye allon da ubanshi ya yi karatu da shi. Wata tana ajiye mazari da abawar tsohuwarta. A kasuwa waɗannan kaya ba su da tsada. Amma in yaro ya tambaya, sai a ɗauko a nuna mashi, a ba shi labari. Haka yaran yanzu suke sanin da wuri aka yi ciniki kafin tamma da dala su zo.

Na huɗu: neman riba

Abin da ya yi ƙaranci yana tsada. A Ingila aka fara yin tambur na wasiƙa cikin shekara ta 1840. Tun lokacin nan mutane suka shiga tara shi. Akwai wani tambur da aka buga a ƙasar Giyana, can Amurka ta Kudu, cikin 1856. Guda ɗaya tak aka san ya rage a duniya. Cikin 2014 an saida shi dola miliyan 9 da ɗoriya, wato fiye da miliyar 4 na kuɗin sefa. Amma irin wannan sa'a ba kullum ba ce. Yawancin masu tari kashe kuɗi suke yi, ba su samu.

Na biyar: ilimi

Wannan dalili ya fi sauran nauyi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Marigayi Bubu Hama ya shugabanci majalisar dokokin Nijar har zuwa 1974. Ya yi shekaru yana tara tsoffin takardun malamai, na Larabci da na ajami. Waɗansu ya saya, waɗansu ya sa aka kwafe. Takardun nan suna ajiye a Yamai, masu bincike suna karanta su. Cikinsu akwai addini, da magani, da tarihin garuruwa. Gidan ajiye kayan tarihi na ƙasa, wanda ake kira muze, an buɗe shi a Yamai cikin 1959. Yau sunan Bubu Hama yake ɗauke da shi. Ƴan lakkol suna zuwa can su ga tufafi, da makamai, da kayan kiɗa na kowace ƙabila.

Inda haɗari yake

Sha'awar masu tari tana jawo ɓarna in kwaɗayi ya shiga. Cikin 1975 an gano wata tsohuwar makabarta a Bura, cikin jihar Tilaberi. Akwai tukwane da mutum-mutumi na yumɓu, masu shekaru ɗaruruwa. Masana sun yi tono da hankali cikin 1983. Da labari ya bazu cikin shekarun 1990, sai dillalai suka zo da kuɗi. Mutane suka yi ta tono dare da rana. Aka farfasa da yawa, aka fitar da saura ƙasashen waje. Mai tono ya samu ƴan jikkuna, dillali ya samu miliyoyi. Tukunyar da aka cire daga wurinta ba ta iya faɗin ko su wane ne suka yi ta. Cikin 1997 gwamnati ta kafa dokar kare kayan tarihi. Dokar ta hana tono da fitar da irin kayan nan ba da izini ba.

Abin da ya kamata a yi

In akwai tsoffin takardu a gida, a naɗe su cikin ƙyalle mai tsabta. A sa su cikin akwati, nesa da gara da yoyon damina. In baƙo ya zo yana taya kayan gado, kada a yi gaggawa. A shawarci dangi da mai gari tukuna. In manomi ya tono wani tsohon abu cikin gona, ya bar shi wurinshi, ya sanar da hukuma.

Wanda ya iya rubutu yana da babban aiki a nan. Ya samu ƴar takarda, ya tambayi tsofaffi: mi ne ne sunan abin nan? Wa ya yi shi? Wa ya mallake shi? A wane gari? Ya rubuta amsa, ya ajiye tare da kayan. Ko bayan tsofaffi sun tafi, jikoki za su ɗauko su karanta.