Shin Ko Kun San? Sana'o'in da Ke Ɗaga Jirgin Sama

Shin ko kun san cewa idan aka yi wa jirgin sama gyara, ko ƙusa ɗaya aka ɗaure masa, ba ya tashi sai injiniya mai lasisi ya sa hannu a takarda? Matuƙi, duk galolin da ke kafaɗarsa, sai ya jira wannan sa hannu. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba da lasisin, kuma ba lasisin "na iya komai" ba ne. Wanda ya ƙware a kan Boeing 737 sai ya sake komawa aji kafin a bar shi ya sa hannu a kan Airbus.

Ko kun san cewa makarantar da ta yaye da yawa daga cikin irin waɗannan injiniyoyi tana Zariya? An kafa kwalejin koyon fasahar jiragen sama ta NCAT a 1964, da taimakon hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Mutanen gari sun fi saninta da ƙananan jiragen da ke shawagi bisa rufin gidajensu, amma tuƙi sashe ɗaya ne kawai. Akwai masu koyon gyaran inji, da masu kula da na'urorin sadarwa, da masu ba jirage hanya daga hasumiya. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Najeriya, ta yi karatu, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci makarantar.

Yamai ma ba a bar ta a baya ba. Makarantar EAMAC, ta hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, tana horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi tun 1963, kuma ɗalibanta daga ƙasashen Afirka da dama suke zuwa. Masu kashe gobara a filin jirgi kuwa, tasu makarantar tana Duwala ta Kamaru.

Shin ko kun san cewa a sana'ar tuƙin jirgi awoyi ake ƙirgawa? Awa 40 a sama na iya ba mutum lasisin tuƙa jirgi don kansa. Mai son a biya shi albashi sai ya kai wajen awa 200. Kujerar kyaftin a babban jirgin fasinja kuwa sai mai awa 1,500. Kowace awa mai ne ake ƙonawa, shi ya sa kuɗin makarantar tuƙi ke karya ƙashin bayan iyaye, har gwamnatocin jihohi kan shigo su ɗauki nauyin wasu.

Wanda idonsa ba ya bambanta ja da kore, a ɗakin likita tafiyarsa kan tsaya. Dalili? Idan rediyon jirgi ya mutu, da fitila hasumiya ke yi masa magana: kore ya sauka, ja ya dakata.

Ko kun san cewa Turanci ma jarrabawarsa ake yi? Mataki shida ne, kuma sai mutum ya kai na 4 yake aiki da jiragen ƙasa da ƙasa. Ko a Yamai, inda aka saba aiki da Faransanci, in matuƙi ya kira da Turanci, da Turanci za a amsa masa.

Sai kuma ma'aikatan cikin jirgi, waɗanda wasunmu ke yi wa kallon 'yan raba shayi. Raba shayin shi ne mafi sauƙi a aikinsu. Ana koya musu kashe wuta, da taimakon gaggawa, da yadda ake tsira idan jirgi ya faɗa ruwa. Kafin a amince da sabon samfurin babban jirgi, sai an gwada fitar da duk mutanen cikinsa a daƙiƙa 90, rabin ƙofofin kuma a rufe.