Kaurin Mai da Kafewar Mota a Hanyoyin Karkara

A yankin Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunchi, inda gona ke manne da gona, hanyar da a-kori-kura ke bi ta ɗauko gero da gyaɗa zuwa Dawanau sau da yawa burtali ce kawai. Da rani rairayi, da damina taɓo. Idan mota ta kafe a irin wannan wuri, akan ga abin mamaki: taya ɗaya ta baya tana ta juyawa tana watsa ƙasa, 'yar'uwarta kuwa ko motsi ba ta yi.

Dalilin wannan yana cikin tukunyar ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul na baya, wadda ake kira difarenshal. Wani Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, shi ya yi rajistar ƙirarta a shekarun 1820. Aikinta shi ne ta bar tayoyin biyu su yi gudu daban-daban, domin a kwana tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya. Ɗalibi zai iya lissafa wannan da kansa: in tazarar da ke tsakanin tayoyin mita 1.5 ce, motar kuma ta juya ta fuskanci inda ta fito, tayar waje za ta ɗara ta ciki da kimanin mita 4.7. Sai dai na'urar tana raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida. Saboda haka idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, wadda ke kan tsandauri ma ba za ta sami fiye da ɗan abin da mai santsin ta samu ba.

Masu tseren ƙananan motocin wasa da ake sarrafawa da rimot, a Turai da Amurka da Japan, sun sami dabarar magance wannan da mai. Sukan cika 'yar difarenshal ɗin da man silikon, wanda ake auna kaurinsa da ma'aunin sentistok. Ruwa yana da kusan 1, nasu kuwa yakan kama daga 3,000 har ya wuce 100,000. Idan tayoyin na gudu ɗaya, haƙoran cikin ba sa gogayya da man. Da zarar ɗaya ta fara zarce ɗaya, sai man ya riƙe haƙoran, ƙarfi ya koma ga tayar da ta kama ƙasa. In man ya yi tsinkewa, taya ta yi ta juyin banza. In ya cika kauri, motar ta ƙi shan kwana. Silikon aka zaɓa domin zafi bai cika sauya kaurinsa ba. Duk wanda ya ga manja ya yi barci da hunturu, ya kuma gan shi tsararo a watan Afrilu, ya san muhimmancin wannan. Ko a jikin ɗan Adam kauri ba abin wasa ba ne, domin ruwa mai yauƙi da ke cikin gwiwa shi ke hana guringuntsi cin juna.

To, a nan ne wasu direbobi ke kuskure, suna zaton mai mai kauri zai hana motarsu kafewa. Man giya mai lamba 90 ko 140 da ake zuba wa a-kori-kura da gingimari aikinsa rage gogayya da ɗauke zafi, kaurinsa bai kai ya riƙe haƙora a ƙarƙashin buhunan hatsi ba. Shi ya sa tarakta ke da abin takawa na musamman da ke kulle tayoyin baya wuri guda, a saki bayan an fita daga taɓo.

Kuskuren da ya fi muni shi ne ɗura wa difarenshal tsohon baƙin man inji don arha. Ba shi da sinadaran da ke jure matsin haƙoran, sai su cinye, a fara jin kuka daga baya, ƙarshe mota ta kwanta a tsakiyar kaka, lokacin da aka fi bukatarta. Haka kuma motar da ta ratsa rafi aksul na da zafi tana iya zuƙar ruwa ta kafar shan iska. Ya kamata a kwance murfin a duba. In man ya koma fari-fari kamar kunu, a tsiyaye shi a zuba sabo kafin a sake yin lodi.