Kare Tsuntsaye Masu Farauta Daga Injinan Iska

Duk wanda ya girma a Ƙofar Dumi, cikin birnin Bauchi, ya san shirwa da shaho, ya kuma san tsoron da kaza mai 'ya'ya ke yi musu. Dattawan unguwar kuwa suna tuna zamanin da ungulu ke cika mahauta, abin da yanzu ya yi wuyar gani. A shekarar 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa doka mai lamba 86, wadda ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a soma shi. Tsuntsayen nan suna cikin abubuwan da binciken ya shafa, musamman yanzu da ake neman wutar lantarki daga iska.

Injin iska dogon turke ne na ƙarfe, da farfela a bisansa. Iska ta juya farfelar, ita kuma ta juya na'urar da ke haifar da lantarki, ba mai, ba hayaƙi. A Lambar Rimi, Jihar Katsina, an kafa irin waɗannan injuna guda 37, waɗanda aka shirya su ba da megawat 10.

To, ina haɗarin yake? Daga nesa sai a ga kamar farfelar tana juyawa a hankali, amma a manyan injuna bakinta yakan yi gudun da ya wuce kilomita 200 cikin sa'a guda. Mikiya da ungulu da gaggafa ba su cika kaɗa fiffike ba. Iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa, ko wadda ke bugun tudu ta yi sama, ita suke hawa su yi ta shawagi. Tuddan nan kuwa su ne masu kafa injuna suka fi so. Har wa yau, sa'ad da ungulu ya sunkuyar da kai yana neman mushe, ba ya ganin abin da ke gabansa, domin kafin zuwan injuna babu abin da zai yi karo da shi a sararin sama. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya yake yi, sa'an nan ɗan yakan ɗauki shekaru kafin ya isa haihuwa. Saboda haka mutuwar 'yan kaɗan ma babbar hasara ce, balle ga ungulun gida, wanda tun 1990 zuwa yau guba da masu sayar da sassansa don magani suka rage shi ƙwarai, har a 2015 aka sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗanɗana. A Altamont, cikin Jihar Kaliforniya ta Amurka, an kafa dubban ƙananan injuna tun farkon shekarun 1980 a wurin da kurege ya yi yawa, watau ainihin wurin farautar gaggafa. Kowace shekara ɗaruruwan tsuntsaye masu farauta suka riƙa mutuwa, har aka koma ana cire tsofaffin injunan ana sa manya 'yan kaɗan. Kuskuren farko na zaɓen wuri ne, gyaransa kuwa ya ci kuɗi da shekaru.

A lardin Kadiz na ƙasar Sifen, tun daga 2008 aka sa masu gadi suna duban sama. Da zarar mikiya ta nufo injin, sai a tsayar da shi har ta wuce. Mutuwarsu ta ragu da kimanin rabi, lantarkin da aka rasa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A tsibirin Smola na ƙasar Norwe kuma, a 2013 aka shafa wa reshe ɗaya na farfelar wasu injuna huɗu baƙin fenti don tsuntsu ya gane juyawarta. Sakamakon da aka bayyana a 2020 ya nuna raguwar kimanin kashi 70 cikin ɗari, ko da yake gwajin ƙarami ne.

Akwai abin da ya rataya a wuyan jama'a. Kada a yar da mushen dabba, ko a kafa mahauta ko juji, kusa da injin iska, gama wannan gayyatar ungulu ce zuwa ajalinsa. Idan masu bincike suka zo gari kafin a fara aiki, lalle makiyaya da maharba su nuna musu duwatsu da itatuwan da mikiya ke sheƙa, tun da sun fi kowa saninsu. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu matacce a gindin injin, sai ya sanar da dagaci ko ma'aikacin gandun daji mafi kusa, ya faɗi rana da wurin da ya same shi.