An Ƙona Layu, Tsoro Ya Saura: Kiristocin Afirka Ta Yamma Da Sha'anin Tsafi

A cikin watan Yuli na shekarar 1913 wani dattijo ɗan ƙabilar Girebo, mai shekara hamsin da 'yan kai, ya tashi daga Laberiya ya shiga ƙasar da ke hannun Faransawa, watau wadda yanzu ake kira Kwaddibuwa. Yana sanye da farar riga da farin rawani, ƙafarsa ba takalmi. Kayansa duka guda huɗu ne: sandar gora mai siffar gicciye, da Littafi Mai Tsarki, da caki, da 'yar ƙwarya ta ruwan baftisma. Mata biyu na biye da shi suna waƙa. Sunansa William Wade Harris, mabiyansa kuwa suna ce masa annabi, bisa ga ma'anar kalmar a wurin Kirista, watau mai wa'azin da ya ce an aiko shi da saƙo.

Kowane gari ya sauka maganarsa ɗaya ce. Kowa ya fito da abin da ya dogara gare shi, ko laya, ko guru, ko ƙaho, ko gunkin da ke kusurwar ɗaki, a tara a dandali a cinna wuta, sa'an nan a zo a karɓi baftisma. Kafin Faransawa su kore shi, cikin abin da bai kai shekara biyu ba, mutanen da ya yi wa baftisma daga gaɓar Kwaddibuwa har zuwa Aksim ta ƙasar Gwalkwas sun haura 100,000. Limaman Katolika kuwa sun zauna a wannan gaɓa tun 1895, amma ɗan abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

To, me wannan dattijo ya sani wanda Turawan Mishan ba su sani ba? Amsar wannan tambaya ita ce mabuɗin fahimtar yadda Kiristan Afirka ta Yamma yake duban tsafi da maita har gobe.

Baturen Mishan na wancan zamani yakan ce wa mutumin ƙauye laya fata ce kawai da tarkace, gunki kuwa itace ne da masassaƙi ya sassaƙa, babu abin da za su iya. Mutumin ƙauye ya saurara da ladabi, ya koma gida ya ce a ransa, ai dole Bature ya faɗi haka, tun da mayun ƙasar nan ba su cin farar fata. Ran Lahadi ya je majami'a, in dare ya yi ya zaga wurin boka. Harris bai bi ta nan ba. Shi ɗan ƙasa ne, a cikin tsoron nan ya tashi, saboda haka bai ce wa kowa iskoki ƙarya ne ba. Abin da ya ce shi ne akwai Mai iko da ya fi su, wanda ya shiga hannunsa kuwa ba abin da zai taɓa shi. Ya riƙa kiran matsafa su fito a gwada a gaban jama'a. Wanda iska ta hau kansa sai ya ɗora masa littafi a ka, ya yi addu'a har ya lafa. Labari ya riƙa riga shi isa gari, ana cewa wane ya ɓoye layarsa ya mutu, ɗakin tsafin gari kaza ya kama da wuta. Ko gaskiya ne ko ƙari, garuruwa da yawa sun ƙone kayansu tun bai iso ba.

Hujjarsa a littafi a fili take. Sura ta 18 ta Maimaitawar Shari'a ta hana duba da sihiri da neman shawarar matattu. Sura ta 19 ta Ayyukan Manzanni kuwa ta ba da labarin masu sihirin birnin Afisa, waɗanda suka ji wa'azin Bulus suka tara littattafansu suka ƙone a gaban kowa, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Wannan wutar ta Afisa ita ce aka yi ta hurawa a Afirka ta Yamma shekara da shekaru.

Amma fa Harris bai ƙone kome da kome ba, nan ne kuma hikimarsa take. An ruwaito cewa masu maganin gargajiya sun tambaye shi makomar sana'arsu, ya ce su ci gaba da ɗibar ganye da saiwa da sassaƙe, sai dai su yi addu'a ga Allah sa'ad da suke ɗiba, da sa'ad da suke haɗawa, da sa'ad da suke ba majinyaci. Mawaƙa kuma ya ce su riƙe muryoyinsu na gado, su sa sunan Allah a inda dā suke sa na sarakuna. Ya mutu a Laberiya cikin talauci a 1929, amma ikilisiyar da ke amsa sunansa tana nan a Kwaddibuwa.

A Nijeriya ma an yi irin wannan. A 1915 da 1916 wani mai wa'azin Angilika ɗan Kalabari, Garrick Braide na garin Bakana, ya sa mutanen bakin teku suka yi ta zubar da gumaka a ruwa suna ƙone layu. Da ya haɗa da hana shan barasar Turawa, wadda harajinta ke cika baitulmalin gwamnati, sai aka kama shi aka ɗaure. Ya rasu a 1918. Bayansa aka yi Joseph Ayo Babalola, direban injin daɓe hanya, wanda ya bar aiki a 1928 ya kama wa'azi. A watan Yuli na 1930 ya yi wani babban taro a Oke-Oye cikin Ilesha, inda mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina cikin ƙasar Yarabawa, kowa da ƙullin asirinsa, ana tsibawa ana ƙonewa, ana ba su ruwan da aka yi wa addu'a.

Jama'ar Babalola sun zarce Harris nesa. A wurinsu magani kowane iri rashin bangaskiya ne, na boka da na likita duk ɗaya. Wannan ne ma ya raba su da Turawan cocin Afostolik da suka zo daga Ingila don taimakonsu, gama an tarar Turawan suna shan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro. Aka yi ta ja-in-ja, daga bisani a farkon shekarun 1940 'yan ƙasa suka ware da cocinsu, wanda aka fi sani da C.A.C. Mai karatu ya duba: mutum biyu, littafi ɗaya, ɗaya ya halatta sassaƙe, ɗaya ya haramta har kwinin. Ashe tun farko ba a taru a kan inda iyakar magani ta tsaya tsafi ya soma ba.

Gardamar malamai

Da aka sami 'yancin kai sai maganar ta tashi daga dandali ta koma jami'a. Farfesa Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan, wanda daga baya ya shugabanci cocin Metodis na Nijeriya, ya fitar da littafi a 1962 a kan Olodumare, yana nuna cewa Yarabawa sun san Allah Maɗaukaki tun kafin Bature ya sauka, kuma rashin adalci ne a tattara addinin kakanni duka a kira shi bautar Shaiɗan. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misali da Eshu. A addinin Yarabawa shi manzo ne tsakanin mutane da abubuwan bauta, mai dabara da gwada mutane, amma da aka juya Littafi Mai Tsarki da Yarabanci a zamanin Bishof Ajayi Crowther sai aka ba Iblis sunansa. Da kalma ɗaya aka sāke masa kama, har yau kuwa masu addinin gargajiya suna kuka da wannan fassara.

Wanda ya fi kowa tsaya wa Idowu a gaba ɗan Arewa ne. Byang Kato an haife shi a Kwoi ta kudancin Kaduna a 1936, cikin ƙabilar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi don ya gāji tsafin gidansu, aka kuma kai shi daji aka yi masa al'adar shiga sahun maza, kafin ya shiga makarantar Mishan ya zama Kirista. Ya riƙe sakataren E.C.W.A., ya yi digirin dakta a Dalas ta Amurka, ya zama babban sakataren ƙungiyar Kiristoci masu bishara ta Afirka. A littafin da ya fitar a 1975 ya yarda mutanensa sun san akwai Mahalicci, suna kiransa Nom. Amma ya ce sanin akwai Sarki daban, sanin hanyar fada daban. Abin da ya gani da idonsa yana yaro, in ji shi, tsoro ne da yanka da lallashin iskoki dare da rana, waɗanda kuma ke yabon addinin kakanni daga kujerar jami'a suna buɗe ƙofar gauraya addini ne. Ya yarda a riƙe harshe da kiɗa da tufafi da girmama manya, amma ba ɗakin tsafi ba. Bai ga ƙarshen gardamar ba, gama a Disamba na wannan shekarar ya nutse a teku kusa da Mombasa, yana da shekara 39.

Cocin Katolika ya ɗauki hanyar tsakiya. A Fabrairun 1993 Fafaroma John Paul na Biyu ya zauna da shugabannin addinin Vodun a Kwatano, abin da ya ɓata wa Kiristoci da yawa rai. A garin Wida na ƙasar Binin, wanda ya fito daga ƙofar babbar majami'a abin da zai fara gani a ƙetaren titi shi ne ɗakin tsafin mesa.

Daga laya zuwa mutum

Akwai wani gefe na wannan al'amari da ba shi da daɗin faɗi. In an gaya wa mutum iskoki gaskiya ne, maita gaskiya ce, sa'an nan aka ƙone layar da yake jin tana tsare shi, to ran da ɗansa ya kwanta ciwo ko kasuwa ta karye sai ya waiwaya ya nemi wanda ya yi masa. Laya ba ta jin zafin wuta, amma tsohuwar da aka nuna da yatsa tana ji. Shi kansa Babalola an ɗaure shi wata shida a Birnin Binin a 1932 bisa tuhumar da ta shafi tonon mayu.

Abin ya fi muni a zamanin nan. A Jihar Akwa Ibom wasu masu ƙananan majami'u sun mai da shi sana'a: a kawo yaro, su ce maye ne, su yanka wa iyaye kuɗin fitar masa da maita. Yara da dama aka doke, aka ƙona, aka kora kan titi. Sai da wani gidan talabijin na Ingila ya nuna wa duniya hotunan a 2008, sa'an nan gwamnatin jihar ta kafa dokar da ta tanadi ɗauri ga duk wanda ya kira yaro maye. Masu wannan ta'asa sukan fake da aya ta 18 cikin sura ta 22 ta littafin Fitowa, wadda ta yi maganar kashe mai sihiri. Malaman Kirista da yawa suna amsa musu da cewa ko sau ɗaya ba a ga inda Yesu ya nuna wani ya ce shi ne maye ba. Masu aljannu da aka kawo masa majinyata ya ɗauke su, ya warkar da su ya mai da su gida.

Mai da mutum gida shi ne aikin da wasu Kiristoci suka sa gaba a Gambaga, tsohon zangon fataken goro a arewacin Gana, garin da Hausawan dā suka sani ƙwarai a kan hanyar Gwanja. A can akwai wata unguwa ta matan da aka koro daga garuruwansu bisa zargin maita. Tarihin garin ya ce wani limamin Musulmi ne ya fara ba irin waɗannan mata mafaka, daga baya riƙonsu ya koma hannun sarkin garin, watau Gambarana. In an kawo mace sai a yanka kaza a jefar, yadda ta fāɗi ta mutu shi ne hukunci. Yawancinsu tsofaffi ne, gwauraye, marasa ɗa namiji mai ƙarfin da zai tsaya musu. Waɗanda suka isa Gambaga ma su ne masu sa'a. A Yulin 2020 aka doke wata tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu a ƙauyen Kafaba kusa da Salaga, jama'a na tsaye suna kallo. Majalisar dokokin Gana ta zartar da dokar hana zargin maita a Yulin 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba.

Tun 1994 cocin Firesbiteriyan na Gana ya kafa wani shiri a Gambaga, sunansa ma yana nufin koma gida. Ma'aikatansa suna taimakon matan da abinci da magani da karatun jikokin da suka biyo su, amma babban aikin shi ne zirga-zirga. Su je ƙauyen da aka koro mace, su zauna da dagaci da dangi da wanda ya yi zargin, su dawo, su sāke komawa, wani lokaci wata da watanni, har a yarda a karɓe ta. An mai da mata da yawa ta wannan hanya, wasu sun zauna lafiya cikin jikokinsu. Wasu kuwa, da wani yaro ya sāke yin zazzaɓi a unguwa, sai su ɗaure 'yan kayansu da asuba su kama hanyar Gambaga.