Kafin Ka Sayi Gida a Sabuwar Unguwa: Abin da Mai Ƙaura Daga Tambuwal Ya Kamata Ya Sani

Kowace shekara akwai magidantan da ke kwashe iyali daga Tambuwal da Kebbe su koma birni. Wani canjin wurin aiki aka yi masa, wani fataucinsa na albasa ko shinkafa ne ya bunƙasa, wani karatun 'ya'ya ne ya ja shi, wani kuma rashin tsaro a ƙauyukan bakin daji ne ya tashe shi ba da son ransa ba. Duk wanda ya isa, abu ɗaya zai tarar: cikin gari ya cika, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu, sababbin gidaje masu yalwa kuma duk suna bayan gari. A Sakkwato za a ambata maka Bado da Arkilla da Kalambaina da Gagi da Dambuwa da Kwannawa. A Birnin Kebbi za ka ji Gesse da Badariya da Bayan Kara. In Abuja ce, zancen ba zai wuce Lugbe da Kubwa da Karu ba, ko Mararaba da Suleja, waɗanda ma ba sa cikin Abujar: ɗaya ta jihar Nasarawa ce, ɗayar ta Neja.

Shawarata ga duk wanda zai iya ita ce kada ya sayi gida a shekararsa ta farko. Ya kama haya a unguwar da yake sha'awa, ya yi damina guda a cikinta. Na san maganar tana da nauyi ga mutumin da ya tashi a gidan ubansa bai taɓa biyan haya ba, har yana ganin abin kamar zubar da girma ne. Amma asarar kuɗin hayar shekara ba ta kai asarar gonar da aka sayar aka sayi gidan da ruwa ke kwana a cikinsa ba.

Ruwan shi ne abu na farko. Yawancin sababbin unguwanni gonaki ne jiya-jiya, wasu ma fadama ko hanyar ruwa. Da rani ba ka gane komai, ƙasa a bushe take ko'ina, fenti yana sheƙi. Sai watan Agusta wuri ke nuna halinsa. Mutanen Mabera a Sakkwato sun daɗe suna fama da ruwan da ke tare masu hanya da damina, kuma a watan Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje da motoci a rukunin Trademore da ke Lugbe, wurin da mutane suka zuba miliyoyi. In dole ce ta sa za ka saya da rani, to ka zagaya bayan gidan, ka duba gindin katangar maƙwabta. Ruwa yana barin zane, wani layi mai duhu ko farin gishiri-gishiri da ke cin filasta daga ƙasa. Ka lura ko maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku, ko sun jibge buhunan yashi a lungu. Sannan ka zauna wurin mai shayi ko ka tsayar da ɗan ga-ruwa ka tambaye shi inda kurarsa ke maƙalewa in an yi ruwa. Shi ba ya jiran la'ada daga cinikin, don haka ba abin da zai ɓoye maka.

Daga nan sai takarda, kuma a nan ne mutanenmu suka fi cutuwa, saboda a gida ciniki da amana ake yin sa. A Dogon Daji ko Kuchi, in za ka sayi fili, kowa ya san gonar wane ce, ya san kakansa. Mai unguwa ya shaida, liman ya yi addu'a, magana ta ƙare. A birni ba haka ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birane, wadda ake kira C of O, galibi ta shekara 99. Dokar ta kuma ce ba a sayar da fili mai irin wannan takarda ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Ke nan takardar ciniki da sa hannun mai unguwa shaida ce cewa ka biya kuɗi, amma ba ita ce mallakar da gwamnati ta sani ba.

Saboda haka kafin ka biya, ka karɓi kwafin takardun ka kai ofishin filaye a bincika: SOGIS a Sakkwato, KANGIS a Kano, AGIS a Abuja. Abin da kake son sani shi ne sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa, ko kuma wurin an ware shi ne don hanya ko makaranta. Kuɗin lauya da na bincike kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin gida. A Abuja kuwa, ministan birnin ne ke da ikon ba da fili, kuma rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ci gidajen mutane da yawa da suka dogara da takardar sarkin ƙauye.

Akwai kuma filayen da Kanawa ke kira awon igiya, wato gona ce mai ita ya yayyanka da kansa ba tare da hukumar tsara birni ta zana ba. Suna da araha, kuma ba duka ne ke da matsala ba. Sai dai lungunansu matsattsu ne, ba a bar wurin magudanar ruwa ba, kuma ranar da za a fitar da titi su ake fara shafa wa jan fenti. In irin wannan ne ƙarfinka ya kai, ka tambayi asalin gonar. In ta gado ce, kada ka yarda da sa hannun babban wa shi kaɗai. Kowane magaji, har matan da ke gidan aure, sai ya amince a rubuce, in ba haka ba wata rana sammaci ne zai zo maka daga kotu. Gidajen da gwamnati ta gina, irin na Bado da Kalambaina a Sakkwato ko Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a Kano, sun fi tsari, amma in daga hannun wanda aka ba kake saya, ka tabbatar ya gama biyan gwamnati, kuma za a mayar da sunan zuwa naka.

Dillali zai matsa maka. “Alhaji, ka ajiye kafin alƙalami yau, wallahi akwai wanda zai zo da kuɗi gobe.” Wataƙila gaskiya yake faɗa. Ka bar wancan ya saya. Dillalai na ƙwarai suna nan, kuma alamarsu ita ce ba sa jin haushi in ka ce sai ka ga mai gida ido da ido, sai lauyanka ya ga takarda. Ku yanke la'ada tun farko, kuɗin gida kuma su bi ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda.

Ginin kansa, ka tafi da magini naka. Gidan da aka gina don sayarwa daban yake da wanda mutum ya gina don ya zauna: a waje tayil da silin na zamani, a ciki siminti kaɗan. Maginin kirki zai sami wurin da ba a shafe ba ya karce bulo da ƙusa, in ya zube kamar gari an gane. Zai leƙa cikin silin ya ga katako da wayar wuta, ya tambayi inda aka haƙa shadda da tazararta da rijiya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne fasalin gidan. Masu gina rukunin gidaje suna zana su ne don miji da mata ɗaya da 'ya'ya uku: falo, ɗaki biyu ko uku, ba zaure, ba tsakar gida. Ɗan Tambuwal da ya zauna a Sakkwato kuwa, gidansa masauki ne. Mai jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wurinka zai sauka, haka ɗalibin da bai sami ɗaki ba, haka gwaggo da ta zo sayayyar biki. Wannan alheri ne da bai kamata birni ya raba mu da shi ba, don haka ka nemi gidan da ke da sauran fili, inda za a fitar da ɗakin baƙi mai ƙofarsa daban. Mai mata biyu ya duba ko gidan zai rabu sashe-sashe. Uwargida da ta saba kiwo ta tambaya tun da wuri, domin wasu rukunan ba sa yarda da tumaki, wasu ma ba sa barin a ƙara gini. Ita ce za ta wuni a gidan, ya kamata ta gan shi kafin a biya.

Nisa ma kuɗi ne. Ka bi hanyar da ƙarfe bakwai na safe a ranar aiki, ka lissafa kuɗin kabu-kabu ko Keke na yara zuwa boko da islamiyya har wata guda, ka ɗora a kan farashin gidan. Mai zama a Sakkwato da zai riƙa komawa gona duk mako gara ya nemi ɓangaren hanyar Bodinga, kada ya ratsa gari kowace tafiya. Ka tambayi ko ruwan famfo ya iso ko sai burtsatse, kuma taransifoma ta unguwa ce da aka riga aka saya ko yanzu za a fara karo-karo.

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da haƙƙin neman rance ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Wanda ke gudun riba yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa harkar ruwa, irin Jaiz da Taj, ya ji tsarinsu. Dukansu ba sa ba da kuɗi a kan gidan da takardunsa ba su cika ba, don haka mai niyyar bin wannan hanya ya ware awon igiya tun daga farkon nema.