3.4 Horar da 'Yan Agaji da Ba Su Takardar Shaida a Yankin Dawakin Kudu

Kafin a yi bayani a kan horon kansa, ya dace a dubi inda buƙatarsa ta taso. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974, ita ke shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Kogin Kano da aka datse kuwa yana gangarowa ne ya haɗu da na Calawa a wajajen Tamburawa, cikin ƙasar Dawakin Kudu. Ke nan ruwan da ke rayar da shinkafa da tumatir shi ne ke iya cin gari idan damina ta yi nauyi. An ga haka a watan Agustan 1988 da madatsar Bagauda ta ɓalle, aka kuma sake gani a ambaliyar 2001.

Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha ba sa isa ƙauye sai bayan labari ya je birni. Saboda haka sa'o'in farko suna hannun mutanen gari ne. Daga cikin masu horar da irin waɗannan mutane akwai ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1960, da kuma rundunonin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala.

Abin da ake koyarwa ya haɗa da tsayar da jini, da tallafe karaya, da ɗaukar majinyaci. Amma darasin da ya fi muhimmanci a nan shi ne na wanda ya nutse. Bisa al'ada akan matsa cikinsa don ya amayar da ruwa, alhali wannan ɓata lokaci ne, yana ma iya tura amai cikin huhu. Abin da ake koya wa ɗan agaji shi ne, idan mutum ba ya numfashi, a hura masa numfashi, a riƙa danna ƙirjinsa sau 30 ana hurawa sau 2. Haka kuma, da yake amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya idan rijiyoyi suka gurɓace, ana koyar da haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa.

Takardar shaida kuwa ba ado ba ce. Ita ke sa jami'in asibiti ko ɗan sanda ya saurari ɗan agaji, kuma takan bukaci sabuntawa domin hannu na mantuwa. Sai dai akwai wani giɓi. Mai takarda sau da yawa ɗan makaranta ne da bai iya iyo ba, wanda ya iya iyon kuwa, wato masunci ko mai ɗibar yashi ko yaran sarkin ruwa, ba ya zuwa aji, balle a ce da Turanci ake darasin. Na farko ba zai iya fito da mutum ba, na biyu ya fito da shi ya matsa masa ciki. Zai fi dacewa a kai horon bakin kogi cikin rani, a yi shi da Hausa, a kuma jarraba mutum da aikin hannu maimakon rubutu.