Begel: Burodin Da Ake Dafawa Kafin A Gasa

Uwargida, idan kina zaune a Legas, Abuja ko Fatakwal, wataƙila kin taɓa ganin wani burodi mai rami a tsakiya a manyan kantuna, kika ɗauka donat ne. Sunansa begel. Ba a soya shi, ba a sa masa mai, sukarinsa kuma kaɗan ne. Abin da ya raba shi da sauran burodi shi ne ana tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin ya shiga wuta.

Asalinsa abincin Yahudawan ƙasar Poland ne, an kuma ambace shi a rubuce a birnin Krakow tun 1610. Masu ƙaura ne suka tafi da shi New York ta Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, daga can ya bazu duniya.

Me zai sa ki wahalar da kanki alhali ga burodi a bakin titi? Saboda ki san abin da ke shiga cikin 'ya'yanki. Hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet a burodi don illarsa ga lafiya, amma mai saye ba ya iya gane shi da ido. Wanda kika kwaɓa da hannunki kuwa, ke kika auna komai.

Ga abin da za ki tanada don guda takwas: fulawa giram 500, wato kimanin kofi huɗu, yis cokalin shayi biyu, gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, zuma ko sukari babban cokali ɗaya, ruwa mai ɗumi mililita 300, sai riɗi na barbaɗawa.

Ki jiƙa yis da zumar a ruwan ɗumin na minti biyar. Idan bai yi kumfa ba, yis ɗin ya mutu, ki sake wani. Ki zuba a kan fulawa da gishiri, ki murza na minti goma. Kwaɓin zai yi tauri fiye da na cincin, kada hakan ya sa ki ƙara ruwa. Taurin ne ke ba begel danƙonsa. Ki rufe shi awa ɗaya har ya ninka. A lokacin zafi ba ya kai awa, a hunturu yakan wuce.

Ki raba shi takwas, ki mulmula, ki huda tsakiya da yatsa. Ki faɗaɗa ramin sosai, domin yana tsukewa idan kwaɓin ya tashi. Bayan minti 15, ki jefa ɗaya a kwanon ruwan sanyi. In ya taso sama, sun yi. In ya nutse, ki ƙara musu lokaci.

Yanzu sai dahuwar. Ki tafasa ruwa a faffaɗar tukunya da cokali ɗaya na zuma, ki sa begel uku-uku, kowane gefe minti ɗaya. Zafin ruwan yana dafa sitacin da ke bayan kwaɓin ya zama fata. Fatar ce ke hana shi kumbura da yawa a wuta, ita ce kuma ke sa bayansa ya yi sheƙi. Wadda ta tsallake wannan mataki, burodi mai rami kawai ta yi.

Ki tsame, ki barbaɗa riɗi tun yana da danshi, ki gasa a oben mai zafin digiri 220 na minti 20 zuwa 25. In babu oben, ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki ɗora faranti a kai, ki rufe ta yi zafi sosai kafin ki jera su.

Sai dai a kula. Begel ƙarami ne a ido amma a cike yake: guda ɗaya ya kai yanka uku na burodi wajen sitaci. Idan maigida ko wata a gidan na da ciwon suga, rabi ya isa, a haɗa da ƙwai, kifi ko tunkuza, a bar jam da shayi mai sukari. Za ki iya maye rabin fulawar da garin alkama don ƙarin dusa. Gishirin kowane ɗaya kuma kusan giram ɗaya ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram biyar a yini. Mai hawan jini ya lissafa da shi.

Tunda ba ki sa masa maganin hana lalacewa ba, ba ya wuce kwana biyu a waje, musamman a damshin Kudu. Ki yanka ragowar biyu-biyu ki sa a firiza. Da safe ki ɗumama a kasko, ki shafa wa yara man gyaɗa su tafi makaranta da shi.